Tsofaffin hotunan leburorin kuza: ina wahalar ta shiga?

Ɗan_Gangare:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya ce gare ni zuwa ga masana hoto da zane. Duk wanda ya duba tsofaffin hotunan filin kuza na zamanin Turawa, na Bukuru ne ko na Barikin Ladi ko na bakin Dilimi, abu ɗaya zai gani: mutane a jere, kwanon sarki a ka, sun tsaya ƙyam suna kallon kyamara, fuska ba yabo ba fallasa. Alhali kowa ya san aikin nan ya ci mutane. To ina wahalar ta shiga? Mai hoton ne ya ɓoye ta, ko kuwa kyamarar lokacin ce ba ta iya kamawa? Sannan in mutum yana son ya bambance hoton aiki na gaskiya da na shiri, me zai duba?

MaiKyamara_Dilimi:
Wa'alaikumus salam. Ƙanena, fara da kayan aikin tukuna. Daga 1851 aka shiga ɗaukar hoto a kan farantin gilashi mai jiƙe. Ana shafa wa gilashin wani ruwan sinadari mai danƙo da ake kira kolodiyon, a tsoma shi a ruwan sinadarin azurfa, a sa a kyamara, a ɗauka, a wanke, duk kafin ya bushe, wato cikin minti goma zuwa sha biyar. Ƙarfin kama haskensa a ma'aunin yau, wanda ake kira ISO, wajen 1 ne kawai. Masu hoto suna da ƙa'ida: in rana ta take, ka sa ƙofar haske a f/16, tsawon ƙiftawa kuma ɗaya bisa lambar ISO. Da ISO 1 ke nan sakan guda cur, a tsakar rana. A inuwa kuwa sai sakan biyar, goma. Mai tafiya da kaya yana cin kamar mita ɗaya a sakan. Ka ga in bai tsaya ba, inuwarsa kawai za ta fito kamar hayaƙi. Dole a ce masa tsaya, kar ka motsa. Mutum kuwa in ya tsaya ya riƙe numfashi, fuskarsa ta daskare ke nan.

Malam_Naraguta:
Bayanin MaiKyamara daidai ne, amma ya yi wa zamanin kuza tsufa da shekara talatin. Turawa ba su kafu da haƙar kuza a Filato ba sai daga wajen 1904. A lokacin an daɗe da barin gilashi mai jiƙe. Busasshen faranti na jelatin an ƙirƙiro shi a 1871, ya cika kasuwa a shekarun 1880, Kodak ta fito a 1888. Tun 1878 ma Eadweard Muybridge ya kama doki yana sukuwa a Kalifoniya, ƙafafu huɗu a sama. Saboda haka wanda ya zo Naraguta da kyamara a 1910 yana iya ɗauka a 1/25 ko 1/50 ko 1/100 na sakan. Ba a ce ba zai iya ba. Bai so ba ne, ko ba abin da aka aiko shi ya ɗauka ba ke nan.

MaiKyamara_Dilimi:
Allah ya gafarta Malam, na karɓi gyara a kan shekaru. Amma a yi lissafin 1/50 ɗin. Mai tafiya zai gusa da kamar santimita biyu, wannan ba laifi in yana nesa. Bakin diga kuwa in ya sauko, a ce yana gudun mita takwas a sakan, zai ci santimita 16 kafin kyamara ta rufe ido. Hannu da diga duk za su shafe. Sai 1/500 ko sama ake kama sara sarai. Dabara ɗaya ce ke ceto: a jira digar ta kai ƙololuwa a sama, inda take ɗan tsayawa kafin ta dawo. Shi ya sa kusan duk tsohon hoton mai sara, digar a sama take. Kuma wannan ne lokacin da jiki bai fara shan wuyar ba.

Malam_Naraguta:
Wannan kam haka ne.

Bitrus_Bukuru:
Ku tambayi wa ya biya kuɗin hoton, sauran bayani zai zo da kansa. Wajen 1910 hannun jarin kamfanonin kuzar Najeriya ya yi tashin gwauron zabo a kasuwar Landan. Mai kuɗin da ke zaune can abu uku yake so ya gani: zurfin ramin, yawan hannuwan da ke aiki, da alamar akwai tsari. Shi ya sa ake ɗaukar hoton daga saman gaɓa ana kallon ƙasa, leburori su fito ƙanana kamar tururuwa a layi, Bature da farar hula a gefe, heluma kusa da shi. Mutum a irin wannan hoton ma'auni ne, kamar yadda ake ajiye biro kusa da dutse don a san girmansa. Ba a matso kusa da fuska ba balle a ga gumi.

Ƙaramin jirgin ƙasan Zariya bai iso Bukuru ba sai 1914, a shekarun farko a ka ake ɗaukar kuzar har Loko a bakin Binuwai. Kayan ɗan dako na lokacin wajen kilo 27 ne. Hoton da za ka samu na ayarin shi ne na ranar tashi, kowa da ƙarfinsa. Ranar isa ba ta cikin abin da kamfani zai buga a rahotonsa.

Hajiya_Rikkos:
Ɗan_Gangare, ɗana, kuskuren yana cikin tambayar. Kana neman wahala a fuska. Mai kaya a ka ba ya yamutsa fuska, ba ya juya wuya, domin in ya yi kayan ya tafi. Ido kawai yake juyawa. Wuya a miƙe, haɓa a ɗan ja ciki, kafaɗu a sake, ƙugu ne ke shanye girgizar tafiya. Wanda ya ƙware ma shi ya fi kama da wanda ba ya jin komai.

A 1986 an buga wani bincike da aka yi a kan matan Luo da Kikuyu a Kenya. An samu suna ɗaukar kaya har kashi 20 cikin ɗari na nauyin jikinsu ba tare da ƙarin ƙarfin da jiki ke ƙonawa ba, kuma suna iya kaiwa kashi 70 in ta kama. Ba wai ba ya cin jiki ba ne, ƙashin wuya ne ke biyan bashin daga baya. Abin nufi, hoton mace mai kwano a ka tana tafiya sumul ba hujja ba ce cewa kwanon ba nauyi.

Ga inda za ka duba. Gammo: in kaya na da nauyi ya baje ya zama faifai, in kwanon wofi ne yana nan a kumbure. Jijiyoyi biyu na gefen wuya. Yatsun ƙafa, suna buɗewa su kama ƙasa. Taku gajere ne, gwiwa a ɗan lanƙwashe. Sai hannu: mai hawa gangare da kaya mai nauyi yakan tallafi bakin kwano da hannu ɗaya ko biyu.

Injiniya_Sabo:
In ƙara wa Hajiya lamba. Magina sun san buhun siminti mai kilo 50 kwano biyu ne, wato kwanon sarki yana cin wajen lita 17 zuwa 18. Jiƙaƙƙiyar ƙasa tana da nauyin kusan kilo 1.8 a lita. Kwano shafe ke nan ya kai kilo 30 da ɗoriya, in an yi masa tozo ya fi. Matar da nauyinta kilo 55 tana ɗauke da fiye da rabin jikinta, tana hawa gaɓa mai santsi. Ita kuzar kanta ta fi haka: nauyinta kusan ninki bakwai na ruwa ne, yashi kuwa ninki biyu da rabi da 'yan kai. Wannan bambancin ne ya sa ake wanke ta da ƙwarya, yashi ya bi ruwa, baƙar kuza ta kwanta. Saboda haka in kun ga hoton mutum da kwano cike fal da wankakkiyar kuza a ka yana murmushi, to ba kuza ba ce ko ba a cike yake ba. Lita 17 ta wankakkiyar kuza ta haura kilo 60 nesa.

Ummi_Zane:
Yaya Injiniya, wannan lissafin ya kamata a liƙa a bangon kowane ajin zane. Ɗalibi in aka ce ya zana mai wahala, sai ya tafi kan fuska: haƙora a waje, gumi kamar ruwan sama, jiki kuwa a tsaye kamar turke. Ƙa'idar ita ce ka saukar da layi daga tsakiyar nauyin mutum da kayansa zuwa ƙasa. Mai ɗauka, layin yana faɗawa tsakanin ƙafafunsa. Mai ja ko mai turi, layin yana faɗawa waje da ƙafafu, har in aka yanke igiyar faɗuwa zai yi. Mai bokiti a hannun dama yana karkata hagu, hannun hagu ya buɗe. In babu wannan, ko ka zuba masa gumi tulu guda ba wanda zai yarda.

Mutanen Girka sun san haka. Mutum-mutumin mai jifa da faifai na Myron, na wajen shekara 450 kafin haihuwar Annabi Isa, jikinsa a murɗe yake kamar an matse wanki, amma fuskar lumui.

Injiniya_Sabo:
Tunda an koma can baya, akwai zanen kabarin Djehutihotep a Deir el-Bersha ta Masar, kusan shekara 3,900 ke nan. Mutum 172 a layi huɗu suna jan gunki a kan katakon ja, an ƙiyasta nauyinsa tan 58. Raba ka gani: kowane mutum yana da kusan kilo 340 na dutse. Ba ɗauka suke ba, ja suke, saboda haka abin da ke gabansu shi ne gogayyar katako da yashi. A gaban katakon akwai wani yana tsiyaya ruwa daga tulu. An daɗe ana cewa tsafi ne. A 2014 masu bincike a Jami'ar Amsterdam suka gwada, suka ga yashi in ya jiƙa daidai ƙarfin da ake bukata yana raguwa da kusan rabi, don ba ya taruwa ya yi tudu a gaban katakon. In ruwan ya yi yawa kuma ya koma taɓo, aiki ya ɓaci. Mai zanen bai nuna gajiya a jikin kowa ba, duk kamar an buga su da hatimi ɗaya, amma ya adana yadda aka yi aikin.

Bitrus_Bukuru:
Hatimi ɗaya, layi huɗu, mai gida babba. Wannan ai hoton kamfanin kuza ne, an dai riga shi da shekara dubu huɗu.

Baba_AnguwarRogo:
Yara, kuna ta Masar da Girka kun tsallake abin da ke ƙofar gida. Diban gwamna. Da Japan ta ƙwace Malaya a farkon 1942, Ingila ta rasa babbar hanyar kuzarta, sai ta juyo kan Filato. Daga 1942 zuwa 1944 aka yi ta ɗibar mutane da ƙarfi daga lardunan Arewa ta hannun hakimai da dagatai, jimillarsu ta kai wajen dubu ɗari. Mutumin da ya saba da zafin Sakkwato ko Barno aka kawo shi tudun da ya haura mita 1,200, cikin hunturu, ƙafa a ruwa tun safe, abinci bai isa ba, ɗaki ba kirki. Ciwon haƙarƙari da gudawa suka yi ɓarna, da yawa suka gudu. A 1943 haƙar ta kai matuƙarta. Lokacin yaƙi ne, hoto yana hannun hukuma, abin da ake fitarwa shi ne talakawan Sarkin Ingila suna taimakon yaƙi. Sanyi ba ya fita a hoto. Yunwa ma sai ta yi nisa.

Hajiya_Rikkos:
Baba, ranka ya daɗe, yunwa tana fita in an san wurin dubawa. Ƙashin wuya na gaba, ramin da ke samansa, damtse in ya yi kauri ɗaya da gaban hannu, gwiwa in ta fi cinya faɗi, ƙafa in ta kumbura. Sanyi kuma a kafaɗa yake: a ɗage, hannu a hamata, buhu a yafe. Matsalar ita ce a hoton da aka ɗauka daga nesa duk mutum bai fi ƙwayar shinkafa ba.

MaiKyamara_Dilimi:
Akwai kuma laifin farantin. Tsofaffin faranti shuɗi suke gani sosai, ja kuwa ba sa ganinsa, baƙi yake fita. Mai ganin duk launuka bai shiga kasuwa ba sai 1906, kuma an daɗe bayan nan ana amfani da tsohon don ya fi araha. To ƙasar ramin kuza ja ce, fatar mutanenmu tana da ja a cikinta, sama kuma shuɗiya. Sakamako: sama fari fat, mutum da ƙasa baƙi ƙirin. Ƙara da ranar tsaka ta Jos da ke saukowa daga bisa kai, kwano ya yi wa fuska rumfa. In mai hoto ya auna haske don farar rigar Bature ta fito, fuskar lebura ta rufe. Jijiya da tsoka ba sa fita sai haske ya zo daga gefe, kamar ƙarfe takwas na safe ko bayan la'asar, kuma sai an ƙara buɗe ƙofar haske da mataki ɗaya ko biyu.

Ummi_Zane:
Nan ne mai fenti ya fi mai kyamara 'yanci, kuma wasu sun yi amfani da shi. Ilya Repin na Rasha ya yi daga 1870 zuwa 1873 yana aikin zanen masu jan jirgin kaya a kogin Volga. Mutum goma sha ɗaya, ɗamara a ƙirji. Kowa da yadda nauyin ya same shi: na gaba sun kwanta cikin ɗamarar, hannuwa na reto, wani saurayi a tsakiya ya miƙe yana gyara tasa don tana cin kafaɗarsa, na ƙarshe kai a sunkuye kamar zai kife. Can nesa ga jirgi mai tururi, wato injin da zai iya aikin yana nan, mutum dai ya fi araha.

Gustave Courbet kuma a 1849 ya zana masu fasa dutse biyu, tsoho a durƙushe da guduma, yaro yana tallafe kwandon duwatsu da gwiwa. Duka biyun ba a ganin fuskarsu sosai. Faɗin zanen ya fi mita biyu da rabi, girman da ake ware wa sarakuna da yaƙe-yaƙe, abin da ya ɓata wa mutanen Faris rai ke nan. Zanen ya ƙone a 1945 lokacin ruwan bama-bamai a yankin Dresden, sai hotonsa ya rage. Masu kala na Millet, 1857, su ma haka: mata uku, biyu a duƙe, ɗaya ta ɗago rabi, bayanta ya ƙi miƙewa. Duk maganar Hajiya ce, gadon baya ke ba da labari.

Ɗan_Gangare:
To Anti Ummi, ashe zane ya fi hoto gaskiya ke nan?

Ummi_Zane:
A'a, ban ce ba. Repin ma zaɓar mutanensa ya yi, ya tsayar da su, ya jera su yadda yake so. Shiri ne shi ma. Sai dai ya san aikin kafin ya shirya.

Malam_Naraguta:
Misali mafi kusa da mu shi ne Gerard Sekoto na Afirka ta Kudu, zanensa na masu diga na 1947. Daga wani hoton kyamara ya ɗauko shi. Leburori a sahu, digogi duk a sama lokaci ɗaya, Bature mai lura yana tsaye da lofe, hannu a aljihu. A zanen sai ya cika fili da leburorin, ya mai da mai lurar ƙarami a gefe. Abu ɗaya ake kallo, an sauya wanda ido zai fara sauka a kansa. Kuma ku lura, ɗaga diga tare ba ado ba ne. Waƙa ce ke haɗa su, don kar wani ya sari wani, kuma don kar mai lura ya ware mai rauni.

Baba_AnguwarRogo:
Yauwa Malam. Mu ai nan muka ajiye namu. Bahaushe bai zana manomi a bango ba, zanensa na gini da na riga da na ƙwarya ba na siffar mutum ba ne. Amma je ka ji gangar noma ranar gayya, ko luguden mata a turmi, ko waƙar niƙa. Nishin yana cikin kiɗan, an auna shi da saukar garma. Mai neman wahalar leburan kuza a hoto kaɗai ya bar rabin shaidar a baya.

Talatu_Rayfield:
Baba gaskiya ne, amma kar a ce ƙasar nan ba ta da siffar mutum. Aikin kuzar ne ma ya tono ta. A 1928 aka fara samun kan yumɓu a ramin kuza kusa da ƙauyen Nok, a 1943 wani kan daga Jama'a ya kai hannun Bernard Fagg, shi ne ya kafa gidan tarihin Jos a 1952. Abin lura ga wannan muhawarar: da yawa daga cikin siffofin yumɓun Nok a zaune suke ko a durƙushe, haɓa a kan gwiwa, ga tsakiya da kitso na ƙasaita. Masu hali ne. Wahalar tana jikin yumɓun: an gina shi da nadi kamar tukunya, ciki rami, an huda ido da hanci da baki, abin da ke taimaka wa tururi ya fita kar ya fashe a wuta. Leburan da shebur ɗinsa ya fara taɓa shi kuwa ba a san fuskarsa ba.

Ko kuɗin aljihunku ku duba. Bayan naira goma 'yan matan Fulani ne da ƙwaryar nono a ka, bayan naira ashirin Ladi Kwali tana ginin tukunya, bayan ɗari biyu dalar buhuna. Dala tana nan, waɗanda suka hau da buhunan a ka ba sa nan.

Saminu_Lens:
Ina so in kare shiri kaɗan. Hoton Lewis Hine na 1920, makaniki ya duƙa da ƙatuwar sifana a jikin famfon tururi, masana sun yarda tsayar da shi aka yi, bayansa ya bi da'irar injin daidai. Amma Hine ɗin nan ne daga 1908 ya bi masaƙu da ramukan kwal na Amurka yana ɗaukar yara ma'aikata, yana rubuta shekarunsu da tsayinsu da awannin aikinsu, hotunan suka zama hujja wajen neman dokar hana aikin yara. Yaran nan a tsaye suke suna kallon kyamara, kamar dai leburorin Ɗan_Gangare. Bambancin, ya sauko daidai tsayinsu, ya matso, ya rubuta bayani. Hoton uwa da 'ya'yanta na Dorothea Lange, Maris 1936, an goge babban yatsa a kusurwarsa daga baya. Bai sa matar ta ƙoshi ba.

Haka na Alice Seeley Harris a Kwango, 1904: Nsala yana zaune yana kallon hannu da ƙafar 'yarsa da masu karɓar roba suka yanke. Ba motsi ko kaɗan. An yi ta haska shi a majami'u da zauruka a Ingila da Amurka, a 1908 aka karɓe ƙasar daga hannun Sarki Leopold.

Bitrus_Bukuru:
Saminu, to mai hoton nan Salgado fa? Ramin zinariya na Serra Pelada a Birazil, 1986, mutum wajen dubu hamsin suna hawa tsani da buhunan ƙasa. Ya matso, ya shiga taɓon, ga sharaɓa ga jijiya. Duk da haka an zarge shi da mai da wahala abin ado, har mai kuɗi ya rataya a falo. Wanda ya yi nesa an ce ya ɓoye, wanda ya matso an ce ya ƙawata.

Saminu_Lens:
Zargin yana da tushe, baƙi da farinsa ya yi kyau fiye da kima. Amma daga hotunansa kana iya ƙirga matakan tsani, ka ga yadda aka ɗaura buhu, ka ga ɗan sanda da bindiga. Na kamfanin kuza ba ya ba ka wannan. Matsowa ma ba kullum alheri ba ce: Frank Gilbreth, Ba'amurke mai nazarin saurin aiki, ya bi motsin magina ya rage shi daga 18 zuwa wajen 5 a kowane bulo, daga baya ya ɗaura ƙananan fitilu a yatsun ma'aikata yana ɗaukar hanyar hannunsu. Ba tausayi ya kai shi ba.

Talatu_Rayfield:
Ɗan ratse, don na san akwai masu irin hotunan nan a akwati. Kar a yi musu laminatin, zafi da gam suna kashe su kuma ba a warwarewa. Wanda ya manne da gilashin firam kar a ɓanɓare, a ɗauke shi ta cikin gilashin. A sikana a sa ɗigo 600 a inci ga mai girman katin gaisuwa, 1,200 ga ƙanana, a ɗauka da launi ko da baƙi da fari ne, a adana a tsarin fayil na TIFF, a kashe duk gyaran da na'ura ke yi da kanta. A ɗauki bayan hoton ma. Rubutu da fensir, ban da biro. Laima tsakanin kashi 30 da 40 ake so. Damshin Agusta yana kawo fumfuna, hunturu yana nannaɗe takarda, saboda haka a sa a ambulan marar asid cikin akwati, nesa da bango da ƙasa. Farantin gilashi a tsaye ake jera shi, kar a wanke gefen da ba ya ƙyalli, nan hoton yake. Nagetif in yana warin tsami kamar binega, a ware shi, yana harbin sauran.

Uwa uba, a daina ba manhajar gyaran fuska. Tana share shafewar hannu da ta diga, ta ƙirƙiro fuskar da ba ta mutumin ba. Shafewar nan ita ce shaidar cewa motsi ake.

Malam_Naraguta:
Ga mai son sanin shekara: katin da aka raba bayansa biyu, gefe na saƙo gefe na adireshi, daga 1902 ne zuwa sama a ƙasashen Ingila. Kan sarki mai sunan Arewacin Najeriya kafin haɗewar 1914 ne. Sai dai ranar aikawa ba ranar ɗauka ba ce, ana sake buga hoto ɗaya shekara ashirin.

Ɗan_Gangare:
Na gode ƙwarai. In na fahimta: gammo, wuya, yatsun ƙafa, layin nauyi, shafewar kayan aiki, da inda mai hoto ya tsaya. In kowa yana kallon kyamara kuma, shiri ne.

MaiKyamara_Dilimi:
Na ƙarshen nan kar ka riƙe shi da ƙarfi. Bature ya kafa akwati mai ƙafa uku, ya lulluɓe kai da baƙin ƙyalle, wa zai ƙi kallo? Duba na can baya maimakon na gaba. In na gaba sun fito tsaf, na baya sun shafe, aiki na gudana, 'yan gaba kawai aka tsayar. In har na ƙarshen rami sun fito tsaf kuma duk sun juyo, an busa usur an tsai da fili gaba ɗaya. Duba ruwan magudana ma, da ƙafafu: mai wankin kuza taɓo yana kai masa gwiwa, kuma jiƙaƙƙen taɓo ya fi busasshe duhu.

Injiniya_Sabo:
Da igiya. Wadda ake ja da gaske tana miƙewa, cikinta kaɗan ne, kuma dunduniyar mai ja tana tona ƙasa. In ta yi ciki kamar igiyar shanya, riƙe ta kawai aka yi.

Hajiya_Rikkos:
Injiniya, ban da doguwar igiya. Ta masu jan jirgi mai tsawon mita da yawa ko ana ja tana yin ciki saboda nauyin kanta, balle ta jiƙe. A gajeriya maganarka ta zauna. Ɗan_Gangare, ka sa hoton ɗaya a nan, gaba da baya, kar ka rage girmansa. Ina son in ga gammon mace ta uku a layi, ba ta farko ba, ta farko ita ake zaɓa.